Komin Wanki Na Katako: A Dawo Da Wanki Gida Daga Bakin Tur'a

Uwargida, kin san wannan tafiya. Kin ga jini a fitsarin yaronki, ko a bayan gidansa, kika kawo shi asibiti. Aka auna shi, aka ba shi ƙwayoyi ya sha, jinin ya tsaya. Bayan wata shida ko shekara sai ga jinin ya dawo, kika ce maganin ba shi da ƙarfi. Maganin ya yi aikinsa. Ya kashe tsutsar da ke jikin yaron, amma wadda ke cikin ruwan tur'a tana nan. Ke kuwa kullum a can kike wanki da wanke-wanke, yara suna biye da ke, suna wasa cikin ruwa har ki gama.

Ba mu ga laifinki ba. A gida babu wurin wanki. In kika yi a tsakar gida sai ƙasa ta zama taɓo, ruwa ya kwanta, ƙuda da sauro su taru, gindin katanga ya jiƙe. Dole ki koma tur'a.

Maigida, wannan ɗan littafi naka ne kai ma, domin aikin da za mu bayyana da hannunka za a yi shi, ko da hannun kafintan garinku. Komi ne na katako wanda ba ya yoyo, a tsaye bisa ƙafafu, da hanyar fitar ruwa. Larabawa suna kiran irinsa haud. A cikinsa za a wanke hannu, da kwanuka, da tufafi, ba tare da kowa ya sa ƙafa cikin tur'a ba.

Abin da ke cikin ruwan tur'a

An gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka fara ban ruwan Jazira. Daga baya aka ƙara Managil, gonakin suka kai wajen faddan miliyan 2. Kakanninmu, waɗanda suka zauna a Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 da waɗanda suka tsaya a nan kan hanyar hajji, sun yi noma da tsinkar auduga a waɗannan gonaki. Ruwan ya kawo abinci, ya kuma kawo tsargiya, wadda a nan ake kira bilharziya. Sunan ya fito daga wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, wanda ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851.

Ga yadda take yawo. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa ko kusa da shi, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan suna shiga ƙananan dodon koɗi da ke manne da ciyawar tur'a, da abu ishirin, da abu sitta, inda ruwa ke tafiya a hankali. Bayan kamar wata guda suna fitowa dubbai, ido ba ya ganinsu. Ba sai ka sha ruwan ba, ta fata suke shiga cikin 'yan mintoci. Sun fi yawa da tsakar rana, daidai lokacin da yara suka fi son iyo.

Iri biyu ne a ƙasar nan. Ɗaya tana kawo fitsarin jini, kowa ya san ta. Ɗayar, wadda ta fi yawa a Jazira, hanji da hanta take kamawa. Takan yi shekaru a ɓoye, sai ciki ya kumbura, saifa ta girma, wata rana mutum ya yi aman jini.

A 1979 gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fara Shirin Lafiya na Bahar Azrak, domin yaƙi da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da gudawa a Jazira da Managil da Rahad. An raba magani, an kashe dodon koɗi, an gyara ruwan sha da shadda, cutar ta ragu ƙwarai. Da shirin ya ƙare bayan kamar shekara 10, sai ta fara dawowa. Darasin a fili yake: abin da aka kawo daga waje yakan tsaya, abin da ka gina a gidanka yana nan tare da kai.

Halin katako da ruwa

Wani zai ce, yaya katako zai riƙe ruwa? Je ka bakin kogi a Sinja ko Rusairis ka dubi jiragen masunta. Na katako ne, kuma shekaru suke yi a cikin ruwa. Dubi akushi, dubi komin shayar da dabbobi. Katako yana riƙe ruwa in an san halinsa, halin nan kuwa uku ne.

Na ɗaya, katako yana kumbura in ya sha ruwa, yana motsewa in ya bushe. A faɗinsa yake yin haka, tsawonsa ba ya canzawa sosai. Saboda haka in ka haɗa komi da busasshen katako, ruwa zai kumbura shi, mahaɗa su matse. In ka haɗa da ɗanye, zai motse daga baya, mahaɗa su buɗe, ba abin da zai hana yoyo. Wannan shi ne babban sirrin aikin.

Na biyu, bakin katako, wato inda zarto ya yanke shi a gicciye, ya fi ko'ina shan ruwa. Daga nan ruɓa take farawa, nan ne kuma za ka fi shafa wa mai.

Na uku, rana ce abokiyar gabarsa. Komin da ya jiƙe da safe, ya gasu da rana, ya sake jiƙewa da yamma, zai tsage. A inuwa za ka kafa shi, ƙarƙashin rumfa ko darbejiya.

Zaɓen itace

Gabaruwa, wadda ake kira sunut, ita ce gaba. Tana fitowa a fadamun bakin kogi tsakanin Sinnar da Rusairis, inda ambaliya ke rufe gindinta watanni kowace shekara. Da ita ake yin jirage, da ita aka daɗe ana yanka katakon titin jirgin ƙasa a Suki. Tana da tauri da nauyi, ruwa da gara ba sa cinta da wuri. Dazuzzukanta na gwamnati ne, don haka ka sayi katakon a wurin mai izini, kada ka shiga ka sara.

In ba ka samu ba, maɗaci yana da kyau, haka ma darbejiya da ta manyanta. Ka zaɓi jan cikin itacen, ka bar farin da ke kusa da ɓawo, domin shi ne ke fara ruɓewa. Gawo, wato haraz, yana da taushi, ƙwari suna cinsa. Ablakash kuma siraran katakai ne da aka manne, ruwa yana ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai katakon da zai cuci iyalinka ko da kyauta aka ba ka. Kada ka yi amfani da tsohon katakon titin jirgi ko turken waya mai warin kwalta, an jiƙa su da guba. Kada ka ɗauki wanda ya fito daga ɗakin ajiye maganin feshin auduga. Wanda ke da tsohon fenti ma ka bar shi, domin fentin da yakan ƙunshi dalma, ita kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yara.

In katakon sabon yanka ne, jera shi a inuwa, ka sa ƙananan sanduna tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, ka danne saman da duwatsu. Bar shi ya yi rani guda cikakke. Mai gaggawa a nan shi zai yi aikin sau biyu.

Sa takalmi in kana aiki inda ƙayar gabaruwa ta zuba. Sukar ƙaya tana shigar da cutar nabit, wadda ke kumbura ƙafa a hankali ba tare da zafi ba, ta kuwa yi yawa a Jazira da Sinnar. In ka ga ƙullutu mai tauri a ƙafa bayan suka, ka zo da wuri.

Kayan da za ka tanada

Kaurin katako duka ya zama santimita 3, kamar faɗin yatsa biyu.

Gefe biyu dogaye: tsawo santimita 80, faɗi 25.

Gefe biyu gajeru: tsawo 40, faɗi 25.

Katakon gindi uku: tsawo 74, faɗi 13.

Sanduna uku na tallafe gindi: tsawo 40, faɗi 5.

Ƙafafu huɗu masu kauri, da sandunan ɗaure su.

Ƙusoshi masu ruɓin tutiya, wato farare irin na rufin kwano, tsawon santimita 7, kamar guda 50. Baƙar ƙusa ba ta jituwa da gabaruwa. Majema sun san cewa in ruwan gabaruwa ya gamu da ƙarfe sai ya yi baƙi. Haka zai faru a kominka, ƙusar ta ci tsatsa, katako ya yi baƙin tabo, ramin ya faɗaɗa.

Sai auduga gurzajjiya cikin hannu biyu, da kakin zuma, da mai, da garin alli, da bututun roba mai faɗin santimita 4, da guntun tsohon tiyub na mota. Man da ya fi shi ne man kattan, wanda masu sayar da fenti ke kira zait magli, domin yana bushewa ya yi tauri cikin katako. In babu, man riɗi zai yi, sai dai ba ya bushewa sosai, za ka riƙa sabunta shi a kai a kai.

In akwai gwanin masassaƙi a garinku, kuma an sami gungume mai kauri busasshe, yana iya fafe maka komin daga itace guda da gizago, kamar yadda yake yin turmi. Wannan ba shi da mahaɗi ko ɗaya. Ya bar kaurin santimita 5 a gefe, da 8 a bakuna biyu. Sauran bayanin shafe da bututu da rami duk ɗaya ne.

Yadda za ka haɗa

Da farko ka goge katakan su yi sumul, musamman fuskar da za ta kalli ciki. Duk inda ya yi kaushi, nan maiƙo da datti za su maƙale.

Na biyu, ka ɗan fiƙe gefen katakan gindi, yadda in ka jera biyu ƙasansu zai haɗu, samansu ya buɗe kamar kaurin tsinken ashana. Wannan 'yar kwarya ita za ta karɓi auduga. Ka yi haka a duk gefen da zai haɗu da wani katako.

Na uku, ka shafa mai a bakin kowane katako tun kafin ka haɗa. Shafa, ka jira ya shanye, ka ƙara, har ya ƙi sha. Bayan an haɗa ba za ka iya kai wa wurin ba.

Na huɗu, ka haɗa gefuna huɗu, gajerun a tsakanin dogayen. Zanen itacen ya kwanta a kwance a duka huɗun, don su kumbura tare, su motse tare. Kafin kowace ƙusa ka fara huda ƙaramin rami. Gabaruwa ba ta karɓar ƙusa haka kawai, ko ta lanƙwasa ta, ko ta tsage. Ka bar tazarar yatsa huɗu tsakanin ƙusa da ƙusa.

Na biyar, ka kafa sanduna uku a gicciye can ƙasa, ɗaya a kowane baki, ɗaya a tsakiya. Ka ɗora katakan gindi a kansu. Uku sau 13 ya ba da 39, faɗin cikin kuwa 40 ne. Santimita ɗayan da ya rage kada ka cike shi da katako, raba shi tsakanin mahaɗan. Wurin kumbura ne. In ka matse su tun yanzu, ranar da suka sha ruwa za su ture gefen komin su ɓalle shi. Ka buga ƙusoshin gindi daga waje da daga ƙasa, kada kan ƙusa ya fito inda ruwa ke zama.

Na shida, ka huda ramin bututu a katakon tsakiya, kusa da baki ɗaya, ka kauce wa sandar da ke ƙasa. Ramin ya matse bututun. Ka jiƙa cikinsa da mai sosai, ka naɗe bakin bututun da siririn tiyub, ka cusa daga ƙasa har ya yi daidai da gindi. In ya ɗara sama, ruwa zai riƙa saura. Ka sassaƙa marufi na itace, ka naɗe shi da tiyub, ka ɗaure shi da igiya don kada yara su ɓatar.

Na bakwai, ƙafafu. Kira uwargida ta tsaya, ka auna yadda bakin komin zai zo daidai ƙugunta, don ta huta da sunkuyo. Ƙafafu biyun da ke wajen bututu su gaza sauran da santimita 2, ruwa ya riƙa gangarawa da kansa. Ka ɗora kowace ƙafa kan jan bulo saboda gara da laima. Ka ajiye wani kututture a gefe, yara su taka su kai.

Toshe mahaɗa da shafe

Ka murza auduga sako-sako kamar lagwanin fitila, ka tsoma ta a mai, ka matse. Ka ɗora ta a kan mahaɗi, ka tura ta ciki da ɗan itace mai faɗin baki marar kaifi, kana bugawa a hankali. Haka masu gyaran jirgi suke yi da tsumma. Ka bi kowane mahaɗi, da kusurwoyi huɗu, da kewayen bututu. Kada ka cusa da ƙarfin tsiya har ka buɗe katakon. Audugar ta nutse ta bar ɗan gurbi a sama.

Ka kwaɓa garin alli da man kattan har ya yi kamar ƙullin fura, ka cike gurbin, ka shafe da yatsa. A kusurwoyi ka bar shi da ɗan tudu a lanƙwashe, domin kusurwa mai kaifi ba ta wankuwa. In da man riɗi kake aiki, ka cike gurbin da narkakken kaki maimakon alli.

Sai shafe. Awo ɗaya na kakin zuma, awo huɗu na mai. Zuba su a gwangwani, ka sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har kakin ya narke. Kada ka ɗora shi kan wuta kai tsaye, yana kamawa. Ka shafa da ɗuminsa ciki da waje, ka murza da tsumma, ka goge abin da ya rage. Bar shi kwana biyu a inuwa, ka sake. Sau uku za ka yi, sannan ka bar shi mako guda.

Ka lura da tsumman da ya sha man kattan. In ka dunƙule shi ka jefa a lungu, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa, gidajenmu kuwa da rumfunan kara suke. Ka shanya shi a buɗe a ƙasa, ko ka jiƙa shi da ruwa.

Kwalta tana da amfani a ƙasan ƙafafu da bayan gindi daga waje. Kada ta shiga ciki inda kwano da hannu za su taɓa. Baƙin man injin kuwa kada ya kusanci komin ko kaɗan. Wasu suna shafa shi don yana korar gara, amma guba ne.

Gwaji

Toshe ramin, ka cika komin da ruwa da yamma, ka ja layi da gawayi daidai bakin ruwan. In ka ga yana ɗiga a daren farko kada ranka ya ɓaci, katakon bai gama kumbura ba. Ka ƙara ruwa, ka bar shi kwana biyu. Yawanci ɗigar tana tsayawa da kanta. Inda ya ci gaba, ka yi alama, ka zubar da ruwan, wurin ya sha iska, ka ƙara auduga da alli. Bayan gwajin, komin ba wurin ajiye ruwa ba ne. Ana gama aiki ake cire marufi.

Ina ruwan zai tafi?

In ka tsallake wannan sashe, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Baƙar lakar Jazira tana tsagewa da rani, amma da zarar ta jiƙe sai ta rufe, ruwa ya kwanta a kanta. Sauron da ke kawo zazzaɓi yana son ƙananan kududdufai da rana ke bugawa. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako guda ne zuwa kwana 10.

Ka haƙa rami, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a zurfi. Ya yi nesa da katangar laka da taku huɗu, nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Ka zuba bokiti biyu na ruwa da yamma. In da safe ya shanye, ƙasar ta yi. Ka cika ramin da fasassun jan bulo, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ka kai bututun tsakiyarsa, ka rufe da tsohon buhu, ka bi da ƙasa, kada ruwa ya bayyana a fili.

In ruwan bai shanye ba, ka ja bututun zuwa gindin itace. Lemun tsami da ayaba da darbejiya duk suna shan ruwa da yawa. Ka yi kwari biyu, ka riƙa juya bututun, yau wannan gobe wancan, ka rufe su da kara ko ciyawa. Duk ruwan da ya kwana biyu a fili ka share shi.

A ƙarƙashin bututu, kafin rami, ka sa gwangwani mai huje-huje cike da ciyawa. Zai tare maiƙo da guntun abinci, waɗanda su ne ke toshe rami. Ka sauya ciyawar kowane mako.

Ruwan da za a zuba

In garinku akwai famfo ko rijiyar burtsatse, da shi za ku yi aiki. In sai na tur'a, kamar yadda yake a kambo da yawa, ga dabara. 'Ya'yan tsutsar tsargiya da suka fito daga dodon koɗi ba sa wuce kwana biyu da rai in ba su sami jikin mutum ba. Ka tanadi mazubi uku, ko randa ko ganga: na yau, na jiya, na shekaranjiya. Da na shekaranjiya za a yi wanka da wanki. Ka duba kada dodon koɗi ko ciyawa su biyo ruwan. Ka rufe kowane mazubi da kyau, ka wanke shi duk mako, domin sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a ruwan randa yake ƙwai. Gangar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ba ta wankuwa, kada ka zuba ruwa a ciki.

Babban mutum ya ɗebo ruwan, da sassafe, daga kan gada ko tudu, da guga da igiya. Kada a aiki yaro.

Ajiyar kwana biyu tsargiya kawai take kashewa. Ruwan sha sai an tafasa shi ko an sa masa ƙwayar kulorin.

Wanke hannu

Muna da kyakkyawar al'ada: ana zuba wa baƙo ruwa daga buta, tasa tana karɓa a ƙasa. Abin da ke cutarwa shi ne mutum biyar su tsoma hannu cikin kwano ɗaya, na ƙarshe ya wanke da dattin huɗu. Ka rataya jarka mai famfo a saman komin, ko buta ta zauna a gefe kullum, da sabulu a igiya. In babu sabulu, toka mai tsabta ta fi ruwa zalla. A cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kamar tsawon ƙirga 20 a hankali, a ɗauraye da ruwa mai zuba.

Lokutan su ne: bayan fitowa daga shadda, bayan wanke wa yaro kashi, kafin girki, kafin cin abinci, kafin ba jariri nono ko kunu. A wanke wa yara fuska kowace safiya, ƙuda ba sa bin ido mai tsabta. Kwalara ta ɓarke a 2023 da 2024, ta shafi Gadarif da Jazira da Sinnar, hannu da ruwa ne hanyoyinta.

Tsumman kashin jariri da tufafin mai gudawa kada su shiga komin. A wanke su a wata roba dabam, a zuba ruwan a shadda.

Kula da komin

Kowace yamma a goge shi da sabulu ko toka, a ɗauraye, a bar ramin a buɗe. In ka yayyafa ruwa ka ga bai tsaya ɗigo-ɗigo ba, ya shige cikin katako, lokacin shafe ya yi. Mai man kattan ya shafa sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. Mai man riɗi, duk wata. In za ku yi doguwar tafiya, ku rufe shi da buhu a inuwa. In kun dawo kun tarar ya motse, ku cika shi da ruwa kwana biyu kafin ku ce ya lalace. Tsagar da ta bayyana a cike ta da kaki nan da nan, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

In katako ya fi ƙarfin gida ɗaya, gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi su yi babba. Irinsa yana da amfani a ƙofar makaranta da duk inda jama'a ke taruwa su ci abinci, in dai an sa wanda zai kula da sabulu da ramin.

Yaushe za ka zo asibiti?

Komi yana hana sabon kamu, ba ya fitar da tsutsar da ta riga ta shiga. Ka kawo duk wanda ke fitsarin jini, ko jini a bayan gida, ko ciwon ciki da ya daɗe, ko kumburin ciki, ko yaron da ke ramewa yana fari. Mace mai ciwon mara da zubar jini ba lokacin al'ada ba ita ma ta zo, tsargiya tana kama mahaifa. Aman jini ba ya jiran gari ya waye. Maganin, praziquantel, ana auna shi da nauyi ko tsawon mutum, a sha bayan an ci abinci. In an ba ɗaya a gida, a kawo sauran yaran a duba su.

Mai gudawa kamar ruwan shinkafa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya riƙa kurɓa a hanya har ku iso.

Manomi ba zai daina shiga ruwa ba, ban ruwan hawasha sai da shi, masunci ma haka. Su a riƙa duba su kowace shekara. Amma uwa da ƙananan yara ba abin da ya kai su tur'a sai wanki. Ka fara da katakon: saye shi bana, ka jera a inuwa, kafin damina ta zo ya bushe.